Rumbun ƙauye da tukunyar birni

  Wannan hira an yi ta a gidan rediyo. Ga ta nan a rubuce, don wanda bai ji ba ya karanta, wanda ya ji kuma ya maimaita. Ka bi ta sannu a hankali. In ka gamu da kalma mai wuya, ka tambayi malaminka ko na kusa da kai.

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin hatsi. Za mu bi sawunsa tun daga rumbun ƙauye har tukunyar birni, mu ga kuma abin da birni ke maidowa. A ƙasarmu Nijar, kusan mutum 8 cikin 10 a karkara suke zaune. Sauran suna Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da sauran birane. Da yawa cikinsu ba su riƙe hauya bana ba, ba su riƙe bara ba, amma kowace rana sai an ɗora tukunya a gidajensu. Wa ya noma abin da ke cikinta? Kowa ya san amsa. Tambayar da ta fi wuya ita ce: da mi aka saka masa?

ZAMANIN GANUWA

Mu koma baya kamar shekara 200. A lokacin nan ƙasar Hausa ba ta kwance ba. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, sarakunan Katsina na da suka rasa birninsu wajen 1807, suka yo arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi. Gobirawa su ma suka kafa Tsibiri wajen 1836. Tsakaninsu da ƙasar Sakkwato, yau hari, gobe ramuwa. Manomi ba ya iya yin nisa da gari. Gonaki suna cikin fadamar gulbi, kusa da kurmi, kusa da ganuwa. In aka yi kuwwa mahara sun taho, sai a yar da hauya, a kwashi yara, a ruga cikin birni.

Ka ga yarjejeniyar farko ke nan, ko da ba a rubuta ta ba. Birni ya ba da ganuwa da mahaya dawaki. Ƙauye ya ba da dammunan hatsi. In kaka ta yi ana fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, kuma kaso mai yawa fada yake tafiya. Da shi sarki ke ciyar da dogarai, da baƙi, da dawaki. In shekara ta ɓaci, talakawa suna sa ran a buɗe rumbun sarki. Sarkin da ya buɗe, a yabe shi. Wanda ya ƙi, mutane su sulale da dare su koma ƙasar wani, gama a wancan zamani daji yana da faɗi, mutum ne ke da tsada.

A Damagaram ma haka abin yake. Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, ya kewaye Birni da ganuwa mai kauri. Gari ya cika da malamai, maƙera, majema, dukawa, da fataken da ke sauka a Zango. Duk waɗannan bakuna, ƙauyukan kewaye ke cika su. Amma kada mu shafa wa tarihi zuma. Cikin masu duƙawa a gandayen sarki da na attajirai akwai bayi masu yawa, waɗanda aka kamo wajen yaƙi. Su ba wanda ya ce musu sannu. Sunayensu ma sun ɓace. In ana lissafin waɗanda suka gina biranenmu, ya kamata a sa da su.

Hatsinmu bai tsaya a birnin kusa ba. Kowace shekara bayan damana, ayarin Abzinawa mai raƙuma dubbai yana ƙetare rairayin Tenere zuwa Fashi da Bilma. Mi suke ɗauke da shi? Hatsi. Mutanen can suna da gishiri da dabino, amma ƙasarsu ba ta yin hatsi. Sai a yi musaya. Daga nan ayari ya gangaro kudu da kantun gishiri, ya sauka Damargu, Damagaram, Tasawa, har Kano. A sayar da gishiri, a sayi hatsin baɗi. Raƙuma su kwana a gonaki suna cin kara, su bar wa mai gona taki. Wani Bature ɗan Jamus mai suna Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya biyo irin wannan ayari ya ratsa Damargu a farkon 1851. Ya rubuta cewa da hatsin Damargu ƙasar Abzin ke rayuwa. Wanda ya san ƙarancin ruwan yankin Tanut na yanzu zai yi mamakin jin haka.

To, yaya kakanninmu ke gode wa manomi? Ba su tsaya ga fatar baki ba, sarauta suke ba shi. A ƙasar Maraɗi da Gobir, manomin da ya tara dami dubu yana yin wani biki da ake kira dubu. A gayyato dangi, da makaɗa, da mutanen garuruwan kewaye. Hatsin nan kuwa ba ɓoye shi yake yi ba. Rabar da shi yake yi, har ya kusa komawa hannu wofi. Sa'an nan a naɗa shi sarkin noma. Daga ranar, in ya yi magana a kan shuka ko iri, ana kasa kunne. Girman nan ya same shi ne saboda yawan waɗanda suka ci daga guminsa.

ZAMANIN LANHO

Cikin 1899 rundunar Faransawa ta ratso ƙasar daga yamma. Ta ƙone Birnin Konni da garuruwa da yawa, ta cinye rumbunan da ta tarar a hanya. Cikin shekarar nan aka ci Damagaram. Ita ce ta zama babban birnin mulkinsu daga 1911, kafin a maida shi Yamai cikin 1926.

Mulkin Turawa ya zo da abu biyu a haɗe. Na ɗaya, hare-hare suka ƙare. Mutane suka fito daga bayan ganuwa, suka yi arewa suna saran daji, suna gina rijiyoyi. Ƙauyuka da yawa na yankin Mayahi da Dakoro a wannan lokaci aka kafa su. Ka tambayi tsofaffin garinku wa ya gina rijiyar farko, mai yiwuwa ka tarar abin bai wuce kakan kakanka ba. Na biyu shi ne lanho. Da can da dami ake biya. Yanzu kumandan ya ce sai kuɗin Faransa, kuma a kan kowane kai. Wanda ba shi da tamma, dole ya kai hatsinsa ko akuyarsa kasuwa, ko da farashi ya faɗi. Ga kuma aikin dole. A kwashi samari su yi hanya, su gina bariki, su ɗauki kaya, wani lokaci ana tsakiyar noma. Ba a hana shi ba sai cikin 1946.

Birni ya daina ba da ganuwa, gama ba a bukatarta, amma bai daina karɓa ba. Sakamakon ya fito a shekarun wahala. Cikin 1913 ruwa ya ƙi, cikin 1914 aka yi yunwar da Hausawa ke kira Kakalaba. Cikin 1930 fara ta cinye gonakin yamma, wajen Filinge, Doso, Zarmaganda da kewayen Yamai. Rumbuna sun riga sun yi ƙasa, amma ba a sassauta lanho ba. Cikin 1931 mutane dubbai suka mutu, wasu a bakin hanya suna neman inda za su samu abin kaiwa baka. Abin ya yi muni har aka canza gwamna. Bayan haka Turawa suka tilasta wa garuruwa ajiye rumbun tsimi. Shawarar ba ta da laifi, kakanninmu ma suna tsimi tun da. Amma ba a buɗe shi sai da izinin kumandan. Wato hatsin naka ne, mabuɗin na wani. Saboda haka manoma suka ɗauke shi lanho na biyu. Ka riƙe wannan magana ta mabuɗi, za mu sake gamuwa da ita a gaba.

ZAMANIN GUJIYA

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gujiya ya buɗe a can. Sannu a hankali ya hauro iyaka. Tun wajen 1930 kamfanonin Turawa suka fara kafa sikeli a kudancin ƙasarmu, wajen Maraɗi, Tasawa, Magarya da Matamai. Manomi ya samu hanyar biyan lanho: ya shuka gujiya, ya kai kasuwa, ya karɓi kuɗi. Bayan yaƙin duniya na biyu abin ya bunƙasa ƙwarai. Da kaka sai ka ga jakuna da raƙuma jere, buhuna tsibi-tsibi kamar duwatsu. Ana kai su Kano su bi jirgi zuwa Ikko. Daga 1953 wasu suka riƙa bin kamyo zuwa Paraku, sa'an nan jirgi zuwa Kwatano. Aka kafa injinan tatsar mai a Maraɗi, Matamai da Magarya.

Dubi Maraɗi. Cikin 1945 gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon gari. Aka tashi aka hau tudu, aka yanka sababbin unguwanni da tituna miƙaƙƙu. Garin da ya tashi a kan tudun nan, kuɗin gujiya ne ya raine shi. Kamfanoni ba su shiga ƙauye da kansu. Suna ba ƴan kasuwar gari kuɗi, su kuma su raba wa yaransu su bi kasuwannin ƙauye suna saye. Da yawa cikin manyan alhazan Maraɗi na farko ta nan suka fara kama jari. Ba laifi ba ne mutum ya yi arziki da ciniki. Amma a tuna, a ƙarƙashin tulin buhunan nan akwai wani mai faso a ƙafa da kanta a hannu.

Da muka samu mulkin kai cikin 1960, a ƙarƙashin shugaba Jori Hamani, gujiya ce fiye da rabin abin da Nijar ke sayar wa ƙasashen waje. Uraniyom na Arlit bai fara fita ba sai 1971. Cikin 1962 gwamnati ta kafa SONARA, kamfanin da shi kaɗai aka ba izinin fitar da gujiya. Tsakanin kuɗin da ake ba manomi da kuɗin da ake sayarwa a Turai akwai rata, kuma wani kaso na ratar nan baitulmali yake shiga. Ka haɗa da lanhon kai da jangalin dabbobi. Da waɗannan, tare da taimakon da ke zuwa daga Faransa, aka biya albashin ma'aikata, aka gina ofisoshi, makarantu da gidajen likita, mafi yawansu a birni. Ni da ke muku wannan hira, makarantar horon malamai na yi, kuma na san harsashin irin makarantun nan gumin iyayenku da kakanninku ne. Ma'aikacin da ya kira manomi baƙauye da raini, bai karanta tarihin kujerar da yake zaune a kai ba.

Gujiya ta bar tabo. An faɗaɗa gonaki, an daina barin ƙasa ta huta, an sare itatuwa. Ƙasa ta gaji. A ƙarshen shekarun 1960 Faransa ta daina sayen gujiyarmu da farashin alfarma, kuɗin manomi ya ragu. Fari ya biyo baya. Cikin 1975 cutar kuturtar gujiya, wadda darɓa ke yaɗawa, ta gama da abin da ya rage. Manoma suka juya ga hatsi da wake. SONARA ta yi ta rarrafe har aka rufe ta. Gujiyar da ta saura, mata ne suka riƙe ta. Su soya, su niƙa, su matse mai, su yi ƙuli-ƙuli, su kai birni a kansu.

SIKELI DA ALƘALAMI

A nan tarihin ya shafe ku kai tsaye, ku masu allo da alli. Babban kukan manomi a zamanin gujiya shi ne awo. Ya kawo buhu. Wani ya ɗora a sikeli, wani ya faɗi kilo, wani ya rubuta, wani ya ƙirga kuɗi. Duk cikinsu babu nasa. Shi nasa ido. In an ce kilo 38 alhali 42 ne, ta ina zai gane? Ko ya yi zato, da wace hujja zai yi gardama?

Cikin 1962 aka kafa UNCC, ƙungiyar ƙasa mai ba manoma bashi da haɗa kansu. Da farko ma'aikata ne ke riƙe da kome. Daga 1966 aka gwada wani sabon tsari. Ƙauyuka su haɗu su zama ƙungiya ɗaya, su zaɓi mai awo daga cikinsu, da magatakarda, da shugaban kasuwa. In an gama ciniki an biya bashin iri, ribar da ta rage a maido wa ƙauye, a raba ko a yi aikin gayya da ita. Nan take wata matsala ta fito. A ƙauyuka da yawa ba a samu mai iya karanta lambar sikeli ba, balle ya cika kaye. Aikin yaƙi da jahilci ya fara tun farkon shekarun 1960, tare da ƙungiyoyin sauraron rediyo. Amma a kasuwar gujiya ne mutane suka ga amfaninsa da idonsu. Aka shiga koyar da lissafin kasuwa da Hausa: kilo, buhu, jimla, ragowa. Dattijo mai furfura ya zauna kan tabarma a gindin fitila yana koyon lamba, don baɗi shi zai tsaya gaban sikeli.

Tsarin bai ɗore yadda aka so ba. Wani wuri manyan gari suka mamaye shi, wani wuri bashi ya karya shi, kuma gujiyar kanta ta faɗi. An rushe UNCC a tsakiyar shekarun 1980. Duk da haka, a ganina an ci riba. Ranar da ɗan ƙauye ya karanta sikeli da kansa, ranar cinikinsa da ɗan birni ya zama cinikin mutum biyu masu ido. Ma'aikatan da suka horar da su kuwa, da yawa ƴan birni ne da suka bar lantarki suka je suka kwana a bukka. Wannan ma a rubuta shi cikin abin da birni ya maido.

SHEKARUN FARI

Daga 1968 ruwa ya fara ja da baya. Cikin 1973 abin ya kai maƙura. Dabbobi suka mutu garke-garke, rumbuna suka ƙare. Wannan karo tafiya ta juya, masu ciyarwa ne suka zo neman ci. Makiyaya da manoma suka kwararo birane. A bakin Yamai aka yi sansani a Lazare, inda dubban mutane suka zauna. Yau wurin unguwa ce cikin gari. Gidajen birni suka cika da dangi. Mai albashi ɗaya ya ɗauki nauyin gida biyu ko uku, ba a kuwa rubuta sunansa ko'ina ba. Taimakon cimaka ya zo daga ƙasashen waje, amma aka yi ta kuka cewa ba ya isa ga masu yunwa. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da gwamnati, Seini Kunce ya hau, kuma maganar cimaka tana cikin manyan dalilan da suka bayar. Kamyon soja suka shiga ƙauyuka da buhuna. Bayan ƴan shekaru, da kuɗin uraniyom ya shigo, aka ɗauke wa talakawa lanhon kai na gwamnati.

Akwai wani ofishi da ya kamata ka san tarihinsa. Shi ne OPVN, ofishin cimaka na ƙasa, wanda aka kafa cikin 1970. Aikinsa ya sayi hatsi da kaka, ya ajiye a mangaza, ya sayar da rahusa lokacin da ya yi tsada. Niyya mai kyau. Amma ga inda gizo ke saƙa: in ana so ɗan birni ya sayi tiya da arha, wa za a rage wa? Sau da yawa farashin hukuma yana ƙasa da na kasuwa, sai manoma suka riƙa kauce masa suna sayar wa ƴan kasuwa. A shekarun 1980 aka sakar wa kasuwa cinikin hatsi, aka bar wa OPVN ajiyar tsaro don shekarar wahala. Ni dai ina ganin a nan ake auna godiya. Yabo a bakin rediyo yana da daɗi, amma manomi ba ya sayen taki da yabo.

Cikin 1984 fari ya dawo. Ga shi kuma Najeriya ta rufe iyakarta a zamanin Janar Buhari. Hatsi da garin rogo da aka saba samu daga kudu suka yanke, har mutane suka sa wa yunwar suna El Buhari. Gwamnati ta yi kira ga noman rani. Aka gina rijiyoyi a fadamu da bakin tabkuna, aka raba irin shu, salati, karoti, tumatir da dankalin Turawa. Gaskiya ne ganye ba ya riƙe ciki kamar tuwo. Amma wa ya saye shi? Birni. Kuɗin da matan birni suka ba da a kasuwa, shi ya koma ƙauye ya zama tiyar hatsi. Albasar Galmi, wadda ta riga ta yi suna, ta ƙara bazuwa har Abijan, Akra da Kwatano. Hanyar kwalta da ta haɗa Yamai, Doso, Konni, Maraɗi da Damagaram, ita ta sa kayan lambu ke isa kafin su ruɓe.

Cikin watan Mayu na 1984 ɗin nan aka yi babban taro a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Amma aikin da ya fi tasiri, a gonaki aka yi shi ba surutu. Maimakon a sassabe kome a ƙone, sai manomi ya duba tohon kututture, ya zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ya bar su su girma. Ana kiran wannan sassabin zamani. Wani ɗan Ostareliya mai suna Toni Rinodo ya taimaka wajen yaɗa shi a ƙasar Maraɗi tun 1983. A kudancin Damagaram kuwa mutane suka riƙa kare gawo da kansu. Bayan fiye da shekara 20 masu bincike suka auna, suka ce hekta kimanin miliyan 5 sun farfaɗo, da itatuwa kimanin miliyan 200, ba tare da dashe ba. Itacen girkin da birni ke saye, wanda da shi ke cinye daji, yanzu manomi yana iya saro shi daga rassan gonarsa ya sayar, gindin kuwa yana nan tsaye.

Ba hatsi kaɗai ƙauye ke aikawa ba, har da ƙarfi. Da an gama girbi samari su tafi ci-rani. Su ne ƴan ga-ruwa, masu shayi, ƴan dako, masu kwaɓa laka da siminti. Da hadari ya fara haɗuwa su koma gida da ɗan kuɗin iri da tufafin iyali. Nonon da ake dama fura da shi a birni, daga ruga yake fitowa. Birni kuma yana maido magani, makaranta, taki, amalanke da garmar shanu. Ko juji da tokar gari, gonakin kewaye ake kai su. Ɗan ƙauyen da ya zama ma'aikaci yana aiko kuɗi in rumbu ya yi ƙasa, da kaka kuma a sa masa buhu a mota. A farkon mulkin kai mutanen Yamai kamar 30.000 ne. A ƙidayar 2012 sun wuce miliyan ɗaya. Daga ina suka fito, in ba daga cikinku ba?

KWAƊO BIYU

Duk da haka tsohon ciwo bai warke ba. Cikin 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta sauka a wasu wurare. Cikin 2005 buhun hatsi mai kilo 100 ya kai wajen jika 30 a kasuwanni da yawa. Ga abin lura. Cikin wuraren da yara suka fi ramewa, aka cika gidajen likita da su, har da ƙasar Maraɗi da Damagaram, wato rumbun ƙasa. Hatsi yana nan a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Domi? Manomi ya sayar da kaka, lokacin da tiya ba ta da daraja, don ya biya bashi, ya sayi magani, ya yi hidimar suna ko aure. Hatsin ya tafi mangazar birni. Da damana ta faɗi, aiki ya yi yawa, rumbu ya ƙare, sai ya dawo ya sayi hatsin nan nasa ninki biyu ko uku. Ko ya ci bashin buhu ɗaya, da kaka ya biya biyu. Wanda ya noma shi ne ya fi kowa jin zafin sayensa.

An gwada magani iri-iri. Akwai bankin cimaka na ƙauye, wanda da yawanku sun sani. Akwai kuma wani tsari da aka fara a ƙarshen shekarun 1990 tare da hukumar FAO. Ƙungiyar manoma ta zuba amfanin gonarta a mangaza da kaka. Asusun ajiya da bashi ya ba su kuɗi a kan jinginar buhunan. Su yi kiwo, ko noman rani, ko ƙaramin ciniki da kuɗin. Bayan wata biyar ko shida su biya, a buɗe mangaza lokacin da farashi ya tashi. Wanda ya so ya ci, wanda ya so ya sayar. A ƙofar mangazar kwaɗo biyu ne. Mabuɗi ɗaya yana hannun asusu, ɗaya yana hannun manoma. Ba mai buɗewa shi kaɗai. Ka tuna rumbun tsimi na kumandan? Bambancin ke nan. Amma tsarin ba ya tafiya sai da mai rubutu: buhu nawa, na wa, ran nawa, bashi nawa. In ba ku da shi a ƙungiyarku, wani za a ɗauko daga waje, a koma gidan jiya.

Cikin 2023, da aka rufe iyakoki bayan juyin mulki, shinkafar waje ta yi tsada, birni ya sake tuna hanyar ƙauye. Cikin Oktoba 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi waje, ban da Mali da Burkina Faso, don tiya ta yi sauƙi a gida. Mai saye ya ji daɗi. Mai sayarwa kuwa ya zauna yana lissafin kuɗin taki da na ƴan ƙwadago. Tambayar nan ta zamanin OPVN ce ta dawo, kuma kowane cikin su biyun yana da gaskiyarsa.

Ga aikin da za ku yi a cibiyarku wannan mako. Kowa ya je wurin wani tsoho ko tsohuwa ya tambaya: wace yunwa aka yi a garinmu, da wane suna ake kiranta, wa ya taimaki mutane, mi aka ci? Ku rubuta amsar da hannunku, ko da layi uku ne. Sa'an nan ku buɗe shafi ɗaya a kayenku, ku raba shi biyu. A gefe ɗaya ku rubuta kuɗin tiyar hatsi a kasuwarku ranar da kaka ta yi. Ɗaya gefen ku bar shi wofi sai tsakiyar damana, ku cika. Malaminku zai tara takardun ya aiko mana, za mu karanta su a rediyo gari gari. Mu kwana nan.